Kama Da Kalash: Amsata Ga Matashin Da Ke Son Sayen Bindigar Nishaɗi

Makon jiya wani tsohon ɗalibina da ke aikin gini a Saudiyya ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Wani Ba'amurke ne tsaye a fili, riƙe da bindiga sak Kalash, yana harbin gwangwanaye yana dariya, bindigar ko girgiza kafaɗarsa ba ta yi. A ƙasa yaron ya rubuta: "Ustaz, wannan fa ba ta yaƙi ba ce, ta nishaɗi ce. In Allah ya sa ƙura ta lafa na dawo gida, ina so in nemi irinta mu riƙa fita bakin kogi da abokai muna gwada saiti. Me ka gani?"

Na ba shi amsa a gajarce a ranar. Amma da na lura ba shi kaɗai ke kallon irin waɗannan bidiyoyi ba, har yaran ajina suna nuna wa juna a lokacin fita cin abinci, sai na ga gara in faɗi ra'ayina a fili. Ra'ayin nawa kuwa shi ne: a nan garuruwanmu na Jazira da Sinnar da Nilul Azrak, wannan bindiga ba ta cancanci kuɗin kowa ba. Bari in bi abin daki-daki, don kada a ce malamin makaranta ya hana abin da bai sani ba.

Bindigar da yaron ya gani tana cin ƙaramin harsashi ne da ake kira .22, wanda kaurinsa bai wuce milimita 5.6 ba. Tsohon harsashi ne, wani kamfanin Amurka mai suna Stevens ya fito da shi tun 1887. Bambancinsa da na soja yana gindin kwanson. A harsashin Kalash, sinadarin da ke tayar da wuta yana cikin wani ɗan maɓalli a tsakiyar gindi. A .22 kuwa an zuba shi ne a zagayen leɓen gindin, allurar bindiga ta daki gefe, wuta ta tashi. Wannan ya sa ƙera shi ke da arha, amma dole kwanson ya zama mai laushi, don haka ba ya ɗaukar albarushi mai yawa. Dalmar da ke fita ba ta kai giram 3 ba, alhali ta Kalash kusan giram 8 ce, kuma ta ninka ta gudu. In aka haɗa lissafi, ƙarfin dukan .22 kusan kashi ɗaya ne cikin goma na Kalash.

To sai kamfanoni suka ɗauki wannan ƙaramin harsashi suka sa masa babbar riga. Kamfanin German Sport Guns na Jamus ya yi wadda ke kama da Kalash da wadda ke kama da MP5. Smith & Wesson na Amurka ya fito da M&P15-22 a 2009, mai siffar bindigar sojan Amurka. Daga nesa, kai ko daga kusa ma, sai wanda ya san kan abin ne zai bambance.

Zan yi adalci: a inda aka yi ta, tana da ranarta. Harsashinta na da arha a can, ƙararta kaɗan ce, ba ta dukan kafaɗa, kuma akwai filayen harbi masu katanga da tudun ƙasa a baya da mai sa ido. Wanda yake da babbar ta gaske yakan sayi ƙaramar don ya saba wa hannunsa ba tare da ya ƙona kuɗi ba. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Tsohuwar Jamus ta Gabas ta ƙera wata mai siffar Kalash mai cin .22, KK-MPi 69, don horar da samari kafin su shiga soja. Ka lura da wannan, mai karatu: tun asali an yi siffar ne don a saba wa yaro da makamin yaƙi.

Amma in maganar iya saiti ce zalla, me siffar ta ƙara? Babu. Masu gasar harbi ta mita 50 a wasannin Olamfik da wannan harsashi na .22 suke harbi, kuma babu ɗayansu da ke riƙe da mai kama da Kalash. Bindigar da ake ɗana wa harsashi da hannu ɗaya bayan ɗaya, irin ta kamfanin CZ na ƙasar Cek, ta fi waɗannan masu kwalliya iya kai dalma inda aka nufa, ta kuma fi su jure wahala. Da yawa daga masu kwalliyar jikinsu roba ne da ƙarfe mai araha. Harsashin .22 yana barin datti, dalmarsa shafe take da kakin da ke kama ƙura, kuma ya fi na soja yawan ƙin tashi. Yanzu ka kawo wannan cikin habub ɗinmu, a garin da ko fatar famfon tuƙa-tuƙa sai an aika birni. Ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinta, ta zama sanda. Kenan abin da mai saye ya biya ƙarin kuɗi a kansa shi ne kamar kawai.

Kamar nan kuwa ita ce babbar matsalar.

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Gaskiya ne a zaure, inda ake da lokacin duba abu a juya shi. A shingen bincike, irtikaz ɗin nan da kowannenmu ya san yadda gaba ke faɗuwa in an tunkare shi, babu mai auna bakin bindiga da ma'auni. Saurayin da ke tsaye a wurin, wanda wataƙila bai yi barci ba kwana biyu, siffa yake gani, kuma cikin ƙiftawar ido zai yanke hukunci. Ko a Amurka, inda ba a yaƙi, hakan ta faru. A ranar 22 ga Oktoba, 2013, a garin Santa Rosa na jihar Kalifoniya, wani yaro ɗan shekara 13 mai suna Andy Lopez yana tafiya a gefen hanya da bindigar wasa mai harba ƙwayar roba, mai siffar Kalash. Ɗan sanda ya gan shi, ya buɗe wuta, harsasai bakwai suka same shi, nan take ya mutu. Dokar ƙasar tun 1988 ta ce a sa wa bakin bindigar wasa alama mai launin lemo, amma ta hannun yaron ba ta da ita. Ingila ma a 2006 ta yi dokar da ta taƙaita sayar da bindigogin kwaikwayo masu kama da na gaske. Ƙasashen da ke zaune lafiya ke nan. Ina ga mu?

Mu da muka ga watan Yulin 2022, lokacin da rikici ya tashi a Rusairis da Damazin da kewaye, aka kashe sama da mutum 100, dubban iyalai suka kwaso 'yan komatsansu suka nufo Sinnar da Nilul Abyad. Ba a gama share hawaye ba, a watan Oktoba aka sake yin wanda ya fi shi muni a Wad al-Mahi. Sai yaƙin 15 ga Afrilu, 2023. 'Yan Da'am suka shiga Madani a Disambar shekarar, suka shiga Sinja a ƙarshen Yunin 2024. Soja suka dawo Sinja a Nuwamba, Madani kuma ranar 11 ga Janairu, 2025. A tsakanin nan kalma guda ta zama wuƙa: muta'awin, wato wanda ake zargi da haɗa kai da ɗaya ɓangaren. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Ɗayyiba da ke gabashin Jazira ranar 10 ga Janairu, 2025, a daidai lokacin da ake jifan mazauna kanabi da irin wannan zargi.

A irin wannan yanayi, hoton saurayi Bahaushe rungume da abu mai kama da Kalash ba hoton nishaɗi ba ne. Na san samarinmu. Babu wanda zai sayi wannan bindiga ya ɓoye ta a ƙarƙashin gado, ai don a gani aka saye ta. Zai ɗauki hoto a bakin kogi, abokansa huɗu a bayansa, ya ɗora a Facebook. Kafin magariba wani da bai taɓa taka garin ba ya kwafe hoton ya rubuta a ƙasa cewa Hausawa na tara makamai. Wa zai bi mutum dubu ɗaya-ɗaya yana yi musu bayanin milimita 5.6? Kakanninmu sun sauka a Mai Wurno tun 1906, tare da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Da guminsu aka noma audugar Jazira. Duk da haka har yau akwai masu neman hujjar da za su ce mu baƙi ne masu wata manufa. Kada mu miƙa musu ita da kuɗinmu. Maƙwabcin da ba ya nufinmu da sharri ma a duba masa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, wani kuma ba gudu zai yi ba, tasa zai ɗauko.

Akwai kuma kuskuren da ke cikin kalmar "nishaɗi" ita kanta. Ƙaramin harsashi ba ya nufin ba ya kisa. Da .22 aka kashe Robert Kennedy a 1968, da ita aka harbi shugaban Amurka Ronald Reagan a 1981 har dalma ta shiga huhunsa. A jikin kwalin harsashin akan rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan da ya wuce kilomita ɗaya da rabi. Yanzu tsaya a kan gaɓar tur'a a Jazira ka duba. Ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai, babu tudu, babu dutsen da zai tare komai. Dalmar da ta kuskure gwangwani ba ta tsayawa a wurin. Tana wucewa ta cikin dawa zuwa hawashar wani, inda mace ke sunkuye tana cira, ko yaro ke kora awaki. In ta daki ruwa a karkace kuma tsalle take yi, kamar yadda muke wasan jifa da fallen dutse muna yara. Bakin kogin da ɗalibina ke mafarki cike yake da masunta da masu lambu a gaɓa biyu.

Ta fuskar doka ma babu rangwame. Dokar Makamai da Harsasai da Abubuwan Fashewa ta 1986 ta wajabta lasisi ga bindiga, kuma .22 bindiga ce cikakkiya, ba abin wasa ba. Mun tuna yadda aka bi ana karɓe makamai a hannun jama'a a 2017. Duk ranar da aka sake irin wannan gangami, kuma da wuya a ce ba za a sake ba, mai kama da ta soja ce za a fara ɗauka. Wanda ya saye ta a bayan fage kuwa, ya haɗa asarar kuɗi da ta 'yanci.

Wani abokin aikina ya ce da ni, "Amma Ustaz, ai koyon harbi abu ne da addini ya kwaɗaitar." Haka ne, ban musa ba. Sai dai addinin nan dai shi ne ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya kuma hana tsorata Musulmi. Iya harbi aka yaba, ba kwalliya da kamannin mayaƙa ba. Maharbanmu na da ba su san wannan ba. Da 'yar tsohuwar bindigarsu suke fita, su dawo da zabin daji, su rataye ta a bayan ƙofa, kuma yaro bai isa ya taɓa ba.

Abin da ya fi ci mini rai, in faɗi gaskiya, ba samarin da ke Saudiyya ba ne. Ƙananan ne. Kowace Sallah kasuwa kan cika da bindigogin roba masu harba ƙwaya, kuma mafi tsada a cikinsu ita ce wadda ta fi kama da Kalash. Wata shekara, bayan hutun ƙaramar Sallah, wani yaro ya dawo ajina da ido ɗaya a liƙe da auduga. Ɗan'uwansa ne ya harbe shi suna wasan soja da 'yan tawaye. Idon bai koma yadda yake ba, har ya bar makarantar a layin gaba nake zaunar da shi don ya ga allo. Mahaifinsa da hannunsa ya sayo musu, don ya faranta musu. Yanzu kuma yaran da muke koyarwa sun ga ta gaske, sun san sunayen makamai fiye da sunayen kogunan da ke cikin littafi. Na taɓa ba su zane, na ce kowa ya zana abin da yake so. Fiye da rabin maza motar yaƙi suka zana. In wan da suke kallo a matsayin gwani ya dawo daga tafiya da wannan abu a kafaɗa, me ya rage mini in gaya musu a aji?

Ga wanda da gaske saitin yake so, akwai hanya. Bindigar iska mai ƙwaya milimita 4.5, wadda ko kaɗan ba ta kama da ta soja, ita ake gasar mita 10 da ita a Olamfik. Ita ma tana fasa ido, don haka sai da izinin hukuma, da babba a wurin, da katangar ƙasa mai kauri a bayan abin da ake harbi. In zaman lafiya ya tabbata, ba laifi ba ne ƙungiyoyin matasanmu su nemi a ba su fili guda a bayan gari, da rajista, da sanin masu unguwa da maƙwabtan da ba Hausawa ba, kowa ya zo ya gwada. Wannan zan goyi bayansa, har in riƙe littafin sunaye in an ba ni.

Ɗalibin nawa ya sake rubuto mini bayan kwana biyu. Ya ce, "Ustaz, na ji. Amma wallahi tana da kyau." Na ce masa ƙwarai tana da kyau, a cikin waya. Sannan na tambaye shi ko ya san rufin ɗakin mahaifiyarsa yana yoyo tun daminar bara. Ya ce zai kira ta da daddare.