Murhu ba zai gaji taransifoma ba

Duk lokacin da wuta ta yi doguwar tafiya a Kano, akwai maganar da ke dawowa bakin masu ilimin zamani: a daina jiran KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, kowane gida ya samar wa kansa lantarki. Cikin dabarun da ake yabawa har da murhun da ke cajin waya da zafin girki. Tuwo na kan wuta, waya na shan caji, wai talaka ya huta. Masu wannan ra'ayi ba su zauna sun yi lissafi ba.

Fasahar tsohuwa ce. Tun 1821 wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano cewa idan aka haɗa ƙarafa iri biyu, mahaɗa ɗaya ta yi zafi ɗayar ta yi sanyi, lantarki zai gudana. A shekarun 1950 ƙauyukan Tarayyar Sobiyet sun saurari rediyo da zafin fitilar kananzir ta wannan hanya. Kamfanin BioLite na Amurka ya fito da murhunsa a 2012, masu bincike daga Kwalejin Trinity ta Dublin kuma sun gwada na'urar da ke mayar da zafi lantarki a jikin murhun yumɓu a ƙauyukan Malawi. Tana aiki, babu musu.

Matsalar tana wajen yawan wutar. Daga zafin da ya ratsa na'urar, abin da ke zama lantarki da ƙyar yake kai kashi 5 cikin 100, shi ya sa irin waɗannan murahu ke ba da wat 2 zuwa 3 kacal. Batirin babbar wayar zamani na ɗaukar kimanin wat 15 na awa guda, wato sai itace ya yi aƙalla awa 5 yana ci kafin ya cika. Fankar silin kuwa tana neman wat 50 ko fiye. Matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo a Unguwar Gano, ko telan da ke da keken surfani a Gyaɗi-Gyaɗi, me wat 3 zai tsinana musu a zafin watan Afrilu? Faifan sola mai wat 20, irin wanda ake samu a kasuwar Farm Centre da ke nan Tarauni, yana tara wat 80 na awa ko fiye a wuni ɗaya na ranar Kano, ba tare da an ƙona ko tsinke ba. Shi kansa BioLite ya shiga sayar da kayan sola na gida daga baya.

Sai batun hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020. Duk dabarar da za ta sa uwargida ta ƙara iza wuta bayan ta sauke tukunya, don wayar maigida ta cika, ta ƙara mata shaƙar hayaƙi da kuɗin itace. Amfanin na'urar na gaskiya shi ne juya 'yar fankar da ke hura wutar don ta ci sosai, hayaƙi ya ragu. Mai shayi da mai ƙosai da ke wuni gaban wuta za su iya morar cajin a matsayin gyara.

'Yan Najeriya sun taɓa ganin inda zumuɗin murhu ke kaiwa. A Nuwamban 2014 gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayen murahu 750,000, shirin ya ƙare cikin taƙaddama.

Babban laifin ra'ayin kowane gida ya samar wa kansa lantarki shi ne yana sauke nauyi daga kan masu nauyin. Unguwar Gano ba rugar daji ba ce. Tana tsakiyar birni, dab da Asibitin Malam Aminu Kano, da turakunta da wayoyinta, kuma takardar kuɗin wuta na zuwa. Lokacin da Arewa ta kwashe fiye da mako cikin duhu a Oktoban 2024, manyan layukan dakon wuta ne suka lalace, har da na Shiroro zuwa Kaduna da aka yi wa ɓarna.

Kano ta riga ta ga abin da zai yiwu: Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, an buɗe mai megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023, kuma dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Abin da ya kamata mazauna Tarauni su matsa wa KEDCO da gwamnatin jiha a kai shi ne mita a kowane gida, gyaran taransifoma ba tare da an ɗora wa unguwa karo-karo ba, da ƙananan tashoshin sola da za a jona da layin da ke akwai.