Littafi Mai Tsarki da Zargin Goyon Bayan Bauta

A cikin sukar da ake yi wa koyarwar Littafi Mai Tsarki, babu wadda ta fi yawo a bakin matasanmu kamar zancen bauta. Sukan ce, ta yaya littafin da ya umarci bayi su yi wa iyayengijinsu biyayya zai koya mana ɗa'a?

Tambayar tana da nauyi, musamman a gare mu 'yan Afirka. Ayoyin suna nan kuwa. Littafin Firistoci sura 25 ya yarje wa Isra'ilawa sayen bayi daga al'umman da ke kewaye da su, Manzo Bulus kuma ya ce wa bayin Afisa su yi biyayya. Fastoci da dama a kudancin Amurka sun hau mumbari da waɗannan ayoyi suna kare masu gonakin auduga. Wannan abin kunya ne ga ikkilisiya, ba kuma za a ɓoye shi ba.

Amma ku saurari abin da ya faru a Landan a 1807. A shekarar aka buga wani Littafi Mai Tsarki na musamman domin bayin da ke tsibiran Karebiyan ƙarƙashin mulkin Ingila. Daga cikin surori 1,189, sura 232 kaɗai aka bari. An cire labarin yadda Allah ya aiki Musa wurin Fir'auna ya fitar da bayi daga Masar. An cire wurin da Bulus ya gaya wa Galatiyawa cewa bawa da ɗa ɗaya suke cikin Almasihu. Umarnin biyayya kuwa, an bar shi daram. To, in da littafin nan yana bayan masu bayi, me ya sa aka sa masa almakashi? Waɗanda suka yanke shi sun karanta shi sarai, sun ga abin da zai haifar a zuciyar mutumin da ke ɗaure da sarƙa, suka ji tsoro.

Suna da dalilin jin tsoron. Fitowa 21:16 ta yanke hukuncin kisa ga duk wanda ya saci mutum ya sayar, ko aka kama shi da shi. Da an bi wannan doka kaɗai, da fataucin bayi na Tekun Atilantika ya rushe tun daga tushe, domin a kan satar mutane aka gina shi. Maimaitawar Shari'a sura 23 ta hana a mayar da bawan da ya gudo wurin ubangidansa, alhali dokar Hammurabi ta Babila kisa ta tanada wa mai ɓoye shi. Bulus ɗin da ake zargi ya jera masu fataucin mutane cikin mugaye a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, ya kuma roƙi Filimon ya karɓi bawansa Unisimas a matsayin ɗan'uwa. La'anar da aka daɗe ana liƙa wa baƙar fata ma, duk wanda ya buɗe Farawa sura 9 zai ga Kan'ana Nuhu ya la'anta, ba a ko ambaci launin fata ba.

Me ya sa Shari'ar Musa ba ta soke bautar gaba ɗaya ba? Yesu ya ba mu mabuɗi a Matiyu 19, da ya ce saboda taurin zuciyar mutane Musa ya yarda da saki, amma ba haka Allah ya nufa tun farko ba. A ganina haka bauta take: an sa mata takunkumi a duniyar da ta cika da ita, nufin Allah kuwa yana shafin farko, inda ya halicci kowane mutum cikin siffarsa. A kan wannan Giregori na Nisa ya tsaya tun ƙarni na 4 ya la'anci mallakar ɗan Adam. A kansa William Wilberforce ya yi ta fafatawa a majalisar Ingila har aka haramta cinikin bayi a 1807. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka sace yana yaro aka ceto shi a teku a 1822, ya san ɗacin bauta fiye da kowane mai suka, duk da haka ya sadaukar da rayuwarsa ga fassara littafin nan zuwa Yarbanci.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, babu surar da aka yanke. Ɗana, 'yata, kafin ka yarda da guntuwar aya da aka turo maka a waya, ka buɗe shi ka karanta Fitowa da wasiƙar Filimon da kanka.