Dakarun Labarinka Ba Su Da Uwa Ne?

Wannan makon da masu rubuta labarin yaƙi nake, kuma ba zan ɓoye ba, na gaji. A wata guda an turo mini rubutu uku in duba, duk tafiyarsu ɗaya: jarumi ya faɗa cikin dakaru dubu, ya sare ɗari tara, sauran ɗarin suna ta tururuwa zuwa bakin takobinsa. Haba jama'a! Babu mai 'ya'ya a cikinsu? Babu wanda cikinsa ya ɗuri ruwa?

Ko masu wasa sun fi mu lura. Akwai wasan Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, inda ake zama a tebur kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi. A bugun 1981, kowace runduna tana da makin ƙarfin zuciya, daga 2 zuwa 12. Da zarar mutum na farko ya faɗi, ko rabinsu sun ƙare, sai a jefa ƙwayoyi biyu irin na ludo. In adadin ya haura makinsu, sai gudu ko miƙa wuya.

Tarihinmu ma haka ya nuna. A yaƙin Ɗanyaya, lokacin jihadi, juya bayan da Ɗan Tunku ya yi wa Sarkin Kano Alwali yana cikin abin da ya karya rundunarsa. Ɗan Tunkun nan shi ya kafa Kazaure tamu. A 1903 kuma, da Sarki Alu ya rabu da jama'arsa kafin karon Kwatarkwashi, rundunar darewa ta yi: Waziri Ahmadu ya tsaya har aka kashe shi, wasu suka bi Wambai Abbas suka koma Kano.

Wani zai ce ai labari ne, nishaɗi ake nema. To wane nishaɗi ke cikin yaƙin da babu mai tsoro? In kowa jarumi ne, da me za mu gane jarumtar gwarzonka? Sai mun ga masu gudu za mu san darajar wanda ya tsaya.

Kafin ka rubuta fagen fama na gaba, tambayi kanka: yaushe rabon mutanen nan da abinci? Sun yarda da shugabansu? In aka kashe mai tuta, wa zai fara juyawa? In ba ka da amsa, ajiye alƙalami tukuna.

Daga ɗan uwanku a Kanya Babba.