Kwamfutar Da Aka Ce Ta Mutu

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. Wannan karin magana ya dace da halin da tsofaffin kwamfutoci suke ciki a makarantu da shagunan buga takardu, daga Funtua zuwa Bakori, daga Kafur zuwa Malumfashi. Da yawa an jingine su sun sha ƙura, wai sun mutu, alhali laifinsu ɗaya ne: tun da aka goge su aka sake ɗora musu Windows, sun daina shiga intanet.

Mai karatu, abin da yake faruwa shi ne, a cikin kowace kwamfuta akwai katin sadarwa, wato inda ake soka wayar intanet. Katin ba ya aiki sai da wata 'yar manhaja da ake kira direba, mai yin tafinta tsakaninsa da babbar manhaja. Windows XP ta fito a 2001, Windows 7 kuma a 2009, don haka ba su san katunan da aka ƙera bayansu ba. A nan gizo ke saƙar: ana buƙatar intanet kafin a sauko da direba, ana kuma buƙatar direba kafin a shiga intanet.

Maganin yana aljihun kowa. A buɗe wurin da ake kira Device Manager, za a ga alamar ruwan ɗorawa a gefen katin. A shiga bayanansa a duba lambar shaidarsa. Abin da ya biyo bayan VEN shi ne kamfanin da ya ƙera shi: 10EC na Realtek ne, 8086 na Intel, 14E4 na Broadcom. Abin da ya biyo bayan DEV kuma shi ne samfurin katin. Da waɗannan lambobi sai a nemi direban da wayar hannu a shafin kamfanin, a tabbatar ya dace da irin Windows ɗin, mai 32 ce ko mai 64. A kwashe shi a filashi, a nuna wa kwamfutar inda yake. Idan alamar ta ɓace, saura adireshi: a bar na'urar rarraba intanet ta ba da shi da kanta, ko a rubuta shi da hannu. Aikin bai kai wahalar gyaran injin ban ruwa ba, wanda matasanmu suka ƙware a kai.

Abin da ya sa batun ya wuce na masu gyara shi ne, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ɗan manomin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya fara faɗuwa tun kafin ya karanta tambayar farko. Tsofaffin kwamfutoci goma da aka haɗa da juna a aji ɗaya sun isa a horar da ɗalibai duk shekara.

Sai dai a yi hattara. Microsoft ta daina kula da tsaron XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, ta daina na Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020. Cutar WannaCry da ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila a watan Mayun 2017 ta bi ta kwamfutocin da ba a toshe musu kafa ba ne. Saboda haka kada a yi harkar banki ko a ajiye bayanan jama'a a irin waɗannan na'urori. Wanda yake son shiga intanet da kwanciyar hankali ya ɗora musu Linux, wadda kyauta ce, kuma takan zo da direbobin yawancin katuna.

Kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai: kafin a sake rubuta takardar roƙon sabbin kwamfutoci, a buɗe sito a ƙirga waɗanda suke ciki, a nemo matashi ɗaya ya duba katinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.