MASU SAYAR DA KABBALA A KWALBA

Wani talla yana yawo a wayoyin matasa ta intanet, cikin Turanci mai santsi. Wai akwai wani tsohon ilimin asiri mai suna Kabbala (ba Kabala ta Kaduna ba), wai ba ruwansa da addini, Musulmi da Kirista da ma wanda bai yarda da komai ba, kowa na iya shiga ya sami natsuwa da buɗi da kariya daga kambun baka. Sharaɗin kawai a biya kuɗin darasi. To wannan magana ƙarya ce tsagwaronta, kuma tarihin Kabbalar kansa ya isa ya ƙaryata ta.

Kalmar ta Ibrananci ce, ma'anarta abin da aka karɓa, asalinta ɗaya da ƙabul na Larabci. Karɓa daga wa? Daga malami zuwa almajiri, a cikin addinin Yahudanci. Babban littafinta, Zohar, ya bayyana ne a ƙasar Sifen a ƙarshen ƙarni na 13, ta hannun Musa de Leon wanda ya mutu a 1305. Shi ya jingina littafin ga Shimon bar Yohai, malamin ƙarni na 2, amma masu bincike irin su Gershom Scholem sun nuna cewa rubutun zamanin de Leon ne. Da harshen Aramiya aka rubuta shi, kuma mafi yawansa tafsiri ne na Attaura. Ashe wanda bai san Attaura ba, in aka miƙa masa Zohar, an ba shi sharhi ne babu matani.

Bayan korar Yahudawa daga Sifen a 1492, garin Safad da ke arewacin Falasɗinu, a ƙarƙashin daular Usmaniyya, ya zama cibiyar wannan ilimi. A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura da kyau. Cikin manyan masu Kabbala na Safad akwai Yusuf Karo, kuma shi ɗin dai ne ya wallafa Shulhan Aruk, littafin fiƙihun da aka buga a Banis a 1565, wanda matsayinsa a wurin Yahudawa masu riƙo ya yi kama da na Mukhtasar a wurin Malikawa. Mutum ɗaya ne malamin baɗini kuma malamin hukunci. Ishaƙa Luriya, wanda ya fi kowa suna a cikinsu, koyarwarsa ta ginu ne a kan cewa duk umarnin da Bayahude ya cika cikin umarni 613 na shari'arsu, kamar kiyaye Asabar da ƙa'idar abinci da sallolin yini, gyara ne ga wata ɓaraka da ta auku tun farkon halitta. To in an cire umarnin, me ya rage? Wane gyara za a yi, kuma da me?

Yahudawa da kansu sun ɗanɗani kuɗar baɗini marar linzami. A 1665 wani mutumin Izmir mai suna Shabbatai Zebi ya ce shi ne Almasihun da suke jira, wani matashin masanin Kabbala, Natan na Gaza, yana kafa masa hujja. Ya halatta cin kitsen da Attaura ta haramta, ya mai da ranakun azumi ranakun biki, jama'a daga Yaman har Amsterdam suka ruɗe, wasu har da sayar da gidaje don shirin tafiya Ƙudus. A watan Satumba na 1666 aka gurfanar da shi a fadar Sultan Muhammadu na Huɗu a Edirne, ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ya ce ya musulunta, ya bar mabiya da cizon yatsa. Daga baya, a 1756, taron malamansu a garin Brodi ya hana ɗan ƙasa da shekara 30 karanta Zohar, ya hana ɗan ƙasa da 40 karanta littattafan Luriya.

Wannan ƙofar da masu ita suka sa wa sakata ita ce 'yan kasuwa suka ɓalle. Philip Berg, tsohon dillalin inshora a New York, shi da matarsa Karen suka buɗe Kabbalah Centre ga kowa da kowa, daga baya hedikwatarta ta koma Los Angeles, garin 'yan fim. Mawaƙiya Madonna ta shiga, har a 2004 ta shelanta cewa ta ɗauki sunan Esther. A wancan lokacin an riƙa sayar da jan zare na ɗaurawa a hannun hagu kan dala 26, ga ruwan kwalba da aka ce an yi masa addu'a. Abin da ya fi ban takaici shi ne koyarwar cewa ba sai mutum ya iya Aramiya ba, ya sayi mujalladan Zohar kawai ya riƙa bin baƙaƙen da ido, wai haske zai shige shi. Kaico! Littafin da malamai suka tsufa a kansa ya koma laya. A 2005 wani binciken BBC da aka ɗauka a ɓoye ya nuna ana tallata wa mai ciwon daji ruwan da littattafan a reshensu na Landan. Malaman Yahudawa masu riƙo da dama sun fito sun barranta daga wannan ciniki. Berg ya mutu a 2013, cinikin bai mutu ba.

Sai dai adalci ya wajaba ko a kan wanda ba a addini ɗaya da shi. Masu zama a majalisa suna cewa Kabbala wani tsafi ne da ake juya duniya da shi, su ma jahilcin ne ke magana, domin ba su taɓa ganin bangon Zohar ba. Akwai reshen layu da sunaye a cikinta, gaskiya ne, amma Luriya da kansa ya gargaɗi almajiransa a kansa. Matsalar da ta cancanci hankalin mai kishin tauhidi tana wani wuri dabam. Kabbala tana koyar da cewa Ubangiji marar iyaka, wanda suke kira En Sof, yana bayyana ta hanyar matakai goma da suke kira sefirot, wasu ana siffanta su da namiji wasu da mace. Duk mai cewa wannan ba aƙida ba ce, fasaha ce kawai kamar lissafi, ko dai bai karanta ba ko kuwa yana ɓoye wa mai saye. Malaman Yahudawa ma sun yi jayayya mai zafi a kan wannan. Leon Modena na Banis ya rubuta raddi a 1639. A San'a ta Yaman, Yahaya Ƙafih ya rubuta littafi sukutum, aka buga a 1931, yana cewa fuskantar waɗannan matakai da ibada ya saɓa wa kaɗaita Allah, har jama'ar Yahudawan garin suka rabu gida biyu a kan batun. Tallan da ke yawo a waya bai ambaci sunan Ƙafih ba, lambar asusun banki ce a ƙarshensa.