Ruwan da ke cinye Harobanda daga tudu yake zuwa

Duk damina in kogin Isa ya fara ja, mutanen Yamai ba su da zance sai na datsi: a ƙara masa tsawo, a zuba masa siminti. Ba a ga laifinsu ba, jama'a, domin wanda ya ga yadda ruwa ya fasa datsin Lamorde a watan Satumba na 2020, ya mamaye unguwannin Harobanda, ba zai saurari mai wa'azin dashen itace ba. Sai dai jan ruwan nan ba daga Gine, mafarin kogin, yake zuwa ba. Kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ne ke kwaso shi daga tuddan da sara da noma suka yi wa aski, ƙasa ta daina shan ruwa, yashi kuma ya cika cikin kogi. Masu jiran madatsar Kandaji su sani, Sirba da Dargol a ƙasanta suke shiga kogi, ba abin da za ta tare musu. Ga kuma dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewayen birni tun 1965, an yanka shi filaye ana gini, ba a yi masa kukan da ake yi wa datsi ba, tunda itace ba ya da bikin yanke ƙyalle. Datsi dole ne, amma mahukunta su ware kuɗin haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwan sama a tuddan Tillaberi kamar yadda suke ware na siminti.