Igiyar Ragon Yaro, a Hannun Wa Take?

Akwai wata al'ada a karkarar Amurka wadda duk wanda ya tashi a gidan da ake turke rago zai gane ta ba tare da tafinta ba. Kowace shekara, galibi tsakanin Yuli da Satumba, gundumomi da jihohi kan yi bikin baje kolin amfanin gona, a cikinsa kuma akan ware fili domin yara. Yaro ɗan shekara tara ko yarinya 'yar sha huɗu sai su shigo da maraƙi ko rago ko akuya da suka shafe watanni suna kiwo. Alƙali ya zagaya, ya shafa gadon bayan dabba, ya taɓa haƙarƙari, ya dubi tsayuwar ƙafafu, sannan ya jera su daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Daga nan sai gwanjo, inda 'yan kasuwa da bankunan garin kan saya da tsada da gangan domin ƙarfafa wa yaran gwiwa.

Ƙungiyoyi biyu ne ke riƙe da wannan harka. Ta farko ita ce 4-H, wadda tushenta ke komawa ga ƙananan ƙungiyoyin yaran manoma irin wadda malamin makaranta A. B. Graham ya kafa a jihar Ohayo a 1902, ta kuma samu gindin zama bayan dokar 1914 da ta kafa aikin malaman gona a ƙasar. Haruffan nan huɗu farkon kalmomin Turanci ne masu nufin kai, zuciya, hannuwa da lafiya. Ta biyu ita ce FFA ta ɗaliban aikin gona, wadda aka kafa a 1928. Manufarsu a fili take: a ba yaro rai guda ya kula da shi. Shi zai tashi da asuba ya ba da abinci, ya share turke, ya yi wa dabbar wanka, ya koya mata tafiya da igiya, ya rubuta a littafi abin da aka kashe da nauyin da ta ƙara. Har akwai rukunin gasa da ba a duba dabbar sosai, yaron ake dubawa: yadda ya riƙe ta, yadda ya tsayar da ita, da yadda ya amsa tambayar alƙali game da abincinta da shekarunta.

Da haka abin ya tsaya, da ba mu da abin cewa sai yabo. Amma kuɗi ya shigo, kuma inda kuɗi ya shiga manya ba sa barin yara su kaɗai. A babban bikin birnin Hiyustan na jihar Teksas, wanda aka fara a 1932, an sayar da san da ya zo na ɗaya a kan dala miliyan 1 a 2022, ko da yake wani kaso ƙayyadadde ne ke zuwa hannun yaron, sauran ya tafi asusun tallafin karatu. Ganin irin wannan, sai wasu iyaye suka mai da makarantar yaro fagen tseren kansu. Uba ya sayi maraƙi mai tsadar da ta wuce abin da namansa zai taɓa kawowa. Ya gina masa ɗaki mai na'urar sanyi domin gashinsa ya yi tsawo ya ɓoye aibin jiki. Ya ɗauko ƙwararre a biya shi ya yi aski da gyaran gashi. Ranar gasa a miƙa wa yaro igiya a bakin fili, dabbar ma ba ta san muryarsa ba.

Daga nan zuwa maguɗi taƙi ɗaya ne. A bikin jihar Ohayo na 1994 an gano cewa da yawa daga cikin shanun da suka zo kan gaba an yi musu algus. Wasu an yi musu allurar man girki a ƙarƙashin fata domin cike gurbin da tsoka ba ta cika ba. Wasu an ba su kilenbutarol, maganin numfashi na dawakai da ke ƙara tsoka ya rage kitse, wanda doka ta haramta ba dabbar da za a ci. Haramcin yana da dalili, domin a Sifaniya a 1990 mutane fiye da 100 sun yi rashin lafiya bayan cin hantar shanun da aka ba wannan magani. A 1995 aka sake samun sa a jikin san da ya lashe gasar birnin Denba, aka janye kambun. A shekarar ce jihar Ohayo ta yi doka ta musamman kan maguɗi a gasar dabbobi. Yau ana ɗaukar gashin dabba ko zanen hancinta tun watanni kafin gasa domin kada a musanya ta, ana gwada fitsarin waɗanda suka yi nasara, wurare da dama kuma sun hana baƙon hannu taɓa dabbar yaro a filin biki.

Mu tambayi kanmu: yaro ɗan shekara goma sha biyu, ina ya san inda ake sayar da haramtaccen magani? Wa ya nuna masa inda ake soka allura? Duk waɗannan dokoki sunan yara ke kansu, amma manya ake tsaro. Kuma ba sai an kai ga allura ba kafin a yi ɓarna. Uban da ke tsaye a bakin shinge yana yi wa ɗansa ishara da hannu, uwar da ta tare alƙali da faɗa saboda 'yarta ta zo ta uku, mahaifin da ya ɗaure fuska a mota har gida, kowannensu ya koya wa yaro darasi guda: ƙyallen yabo ya fi watannin wahalarsa daraja. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da ya ga an ci gasa da sunansa ba da guminsa ba ya san gaskiya a ransa, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Adalci ne mu faɗi abin da iyayen ke kafa hujja da shi, domin ba duka ne son zuciya ba. Sa mai nauyin kilo 600 ba abin da za a sakar wa ƙaramin yaro ba ne. Yaro ba shi da jarin saye, ba ya tuƙa mota, ba ya gane kumburin ciki daga ƙoshi. Dole babba ya tsaya kusa. Wani lokaci ma tsayuwar babba ita ce kariyar yaro. A 2022, a gundumar Shasta ta jihar Kalifoniya, wata yarinya 'yar shekara tara ta ƙi rabuwa da ɗan akuyar da ta yi kiwo bayan an yi gwanjonsa domin yanka. Uwar ta ɗauke shi, ta nemi ta biya asarar da aka yi, jami'an tsaro suka yi doguwar tafiya suka ƙwato shi aka yanka, daga bisani a 2024 gundumar ta amince ta biya iyalin dala 300,000. Mutane sun rabu kan wanda ya yi daidai. Abin da muka ɗauka a ciki shi ne, tun ranar da aka sayo dabba ya kamata babba ya zaunar da yaro ya gaya masa ƙarshen tafiyar. Wannan aikin iyaye ne, kamar yadda kiran likitan dabbobi da riƙe sa mai tunkuyi aikinsu ne. Guga da tsintsiya da tashin asuba kuwa na yaro ne.

Me ya haɗa mu da wannan labari, mu da ke zaune a zangunan Kumasi da Nima da Tamale? Abin da ya haɗa mu ya girmi ƙungiyar 4-H, wadda ita ma tana da reshe a nan Gana. Tun kakanni, Bahaushe kan ba yaro kaza, in ta yi albarka a sayar a sayi akuya, akuya ta zama tunkiya. Kaka kan ba jikarta 'yar akuya domin ta hayayyafa ta zama kayan ɗaki. A zango, inda fili ya yi ƙaranci, har yanzu akwai turke a bayan ɗaki ko a lungu, kuma yara ne ke yawon tara ɓawon rogo da na doya a wurin masu abinci, su ne ke ɗauko dusa, su yanko ciyawa a bakin hanya bayan an tashi daga makaranta, su wanke rago da sabulu idan Babbar Sallah ta matso. Makarantar da Amurkawa suka gina da dokoki da littattafai, mu gadonta muka yi.

Sai dai tamu cutar ta biyo ta ɗaya ƙofar. Can, wasu iyaye kan karɓe aikin su bar wa yaro yabo. A nan, wasu iyaye kan bar wa yaro aikin su karɓe amfanin. Ana ce masa "ragonka" wata takwas. Ranar da ya dawo daga makaranta sai ya tarar da turke babu kowa, dillali ya zo da safe, an yi ciniki, kuɗi ya shiga aljihun babba, ba a ko gaya masa nawa aka sayar ba. In ya yi kuka a ce ba shi da kunya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɓarnar guda ce a ƙasashen biyu, domin an tsinke igiyar da ta ɗaure wahala da sakamako. Ɗan Amurka ya koyi cewa ana samu ba tare da an yi ba. Namu ya koyi cewa ana yi ba a samu. Daga baya sai mu zauna a majalisa muna mamakin samarin da ba sa son sana'ar da ke bukatar haƙuri, suna neman kuɗin yau-yau.

Maguɗin ma ba baƙonmu ba ne. Wanda ya cika wa rago gishiri ko kanwa daren kasuwa domin ya sha ruwa cikinsa ya tashi, wanda ya yi wa dabba allura yau ya kai ta mahauta gobe ba tare da jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba, wanda ya rantse wa mai saye cewa rago lafiyayye ne alhali ya kwana yana zawo, sau da yawa ɗansa na tsaye riƙe da igiya yana kallo. Ba a bukatar a ce masa komai. Ya riga ya haddace.

Za a ce mana: gidan da ake neman kuɗin haya da na makaranta, ina ya ga sararin ajiye wa yaro kuɗin rago? Kuma wa ya sayi ragon tun farko, wa ke ciyar da yaron kansa? Magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Dabba a gidan talaka asusu ce, ranar ciwo ko ranar biyan kuɗin jarrabawa ita ake fara dubawa. Amma lalura tana tilasta sayarwa ne kawai, ba ta tilasta ɓoyewa. Uban da ya kira ɗansa ya ce, "Ka ga halin da ake ciki, ƙanwarka na asibiti, za mu sayar da ragonka, bashi ne a kaina," bai rage komai daga girmansa ba. Ya mai da yaro mai taimakon gida da dukiyarsa. In hali ya samu ya mayar masa da 'yar tunkiya, ya koya masa cika alkawari fiye da wa'azin shekara.

Abin da muke kira gare shi ba ya cin ko sidi ɗaya. A tafi da yaro kasuwar dabbobi ranar saye, ko Tulaku ce a Ashaiman ko wadda ta fi kusa, a nuna masa yadda ake duba haƙori da ido da kofato, a bar shi ya zaɓa tsakanin biyun da babba ya yarda da su. A ba shi littafi ya riƙa rubuta kuɗin dusa da na magani. In malamin dabbobi ya zo, yaron ya riƙe ragon, ya ji sunan maganin da kwanakin jiransa. Ranar sayarwa ya tsaya a wurin ciniki, ya ji tayi, ya ji albarka, ya ga la'adar dillali. A zauna a gabansa a cire uwar kuɗi, a cire abin da aka kashe, abin da ya saura a kira shi da sunansa, ko da za a ajiye masa ne ko a sayo wata dabbar. In kuwa ragon na layyar gida ne, a faɗa masa tun ranar farko, kada a bari sai wuƙa ta fito. Yarinya ma haka, akuyarta tata ce, ba ta zama ta yayanta don shi namiji ne.

Gasar ma tana tafe. A Senegal shirin talabijin na Khar Bii ya daɗe yana zaɓen ragon da ya fi kyau, ragunan Ladum kuma sun zama abin alfaharin masu hali. Hotunan manyan raguna sun cika Facebook da TikTok a kowace Sallah, samarinmu na kallo. Ranar Manoma da Gana ke yi tun 1985 ta saba mana da ba makiyayi kyauta a bainar jama'a. Ba da jimawa ba wata ƙungiyar matasa ko wata makaranta a zango za ta ce bari ta shirya wa yara tasu. Muna maraba da hakan, da sharaɗin a shafa wa gemu ruwa tun da an ga na maƙwabci ya kama wuta. A sa kyautar ta zama kaɗan yadda ba za ta tayar da kwaɗayin manya ba. A yi rajistar dabba tun tana ƙarama. A ba amsar yaro da littafinsa maki fiye da girman ragon, domin ɗan mai kuɗi kada ya saye gasar a kasuwa. Iyaye kuma su zauna a rumfa tare da sauran 'yan kallo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma turke na cikin wuraren da ake tanƙwara namu. Rago zai tafi ko ta wace hanya, ko kasuwa ko tukunya. Abin da zai saura a gidan shi ne yaron da ya yi kiwonsa, da abin da ya gani a hannun manyansa a cikin waɗannan watanni.